Mun shiga yankan kachalla jiya

Jiya Asabar tun bayan sallar asuba muka fita aikin gayya da lauje da adda da kwalekwale biyu, yankan ciyawar kachalla a hanyar ruwan da ta bi ta bayan garinmu ta nufi Nguru. Ba wanda ya biya mu ko sisi, mata ne suka aiko mana da kunu da ƙosai, Allah ya saka musu.

Wallahi sai ka shiga ciki za ka gane kukan masunta da manoma, ciyawar nan ta fi mutum tsawo, saiwarta ta riƙe laka ta toshe hanya, ruwa sai ya malale gonakin wasu su kuma na gaba fadamarsu a bushe, ga tsuntsayen jan baki da ke kwana a ciki su fito su cinye shinkafa da gero. Wani dattijo masunci ya ce mana tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ya daina janyewa da rani kamar da, shi ne kachalla ta samu wurin zama. Shi ya nuna mana a yanke ta can ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe, in ka yanke sama sai ta sake tohowa.

Matsattsaku sun sha jinina, hannu duk kanta, amma da la'asar na gani da idona ruwa ya fara tafiya. Asabar mai zuwa za mu koma, mai lauje ya zo da shi.