Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rufin Asirin Baffa Ƙarami

Bayan rasuwar Malam, ragamar gidanmu ta koma hannun Baffa Ƙarami, mutumin da ba shi da wata magana da ta wuce "a rufa wa gida asiri". Da ita yake buɗe taron dangi, da ita yake rufe shi, kuma da ita ya kusa hallaka mana Auta.

Lokacin Auta yana aji biyu na babbar sakandare. Abin da Inna ta fara lura da shi barci ne, domin yaron da yake riga kowa tashi sallar asuba ya koma sai hantsi ya dubi ludayi. Kullum yana riƙe da robar lemo, yana kurɓa kaɗan-kaɗan, ba ya yarda kowa ya taɓa ta, harshensa kuma ya yi nauyi. Ranar da Inna ta ɗaga katifarsa za ta shanya, sai ga kwalaben maganin tari mai kodin jere a ƙasa, duk an shanye. Daga nan dutsen guga ya ɓace, wayar Yaya Babba ta bi baya, sannan 'yan kunnen gwal da Inna ta adana domin auren ƙannenmu mata.

Na sami Baffa a zaure, na durƙusa na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, ina ganin a kai yaron nan Dawanau likita ya duba shi." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro ne. Asibitin mahaukata? In duniya ta ji, wa zai nemi auren 'yan'uwanku? A rufa wa gida asiri." A cikin makon nan aka ɗauki Auta da tsakar dare aka kai shi wani gidan mari a wani gari, aka ce wa maƙwabta ya tafi karatun allo. Ya dawo da tabon ƙarfe a idon sawunsa, wanda har yau yake rufewa da safa ko ana tsananin zafi, kuma bai yi wata guda ba ya koma ruwa, wannan karon har da tiramol. A watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, muna zaune tare da Baffa labarin ya zo a rediyo. Bai ce uffan ba, hannu kawai ya miƙa ya canza tasha.

Na yi tsalle, bari in koma baya. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta kodin kullum a Kano da Jigawa, kuma a watan Mayu na 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Dangi suka yi hamdala, suna zaton an gama. A unguwarmu kuɗin kwalba ne kawai ya tashi, masu hali suka ci gaba da saye a ɓoye, marasa hali suka koma roci da ƙwayoyi da sholisho. Da ƙididdigar ƙasa ta fito a farkon 2019, ta nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, ɗaya cikin huɗu kuma mace ce. Na tabbata yawancinsu suna da baffan da yake cewa a rufa asiri.

Mu samarin layi muka fara namu yunƙurin na yaƙi da shaye-shaye a teburin mai shayi, ba ofis, ba ko sisin kowa. Muka je wurin mai unguwa muka ce, "Ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ba mu izini, liman kuma ya yarda ya taɓo batun a huɗuba. Sharaɗinmu na farko shi ne ba duka, ba ɗauri, ba miƙa yaro ga 'yan sintiri su zane shi. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fahimtar da mu cewa wanda jikinsa ya saba da kodin ko tiramol, idan ya daina farat ɗaya, sai ciwon gaɓoɓi da gudawa da zufa da rashin barci su taso masa, shi ya sa yake komawa ko da ya rantse da Alƙur'ani, kuma ana buƙatar likita da mai ba da shawara su bi shi a hankali. Aikinmu shi ne raka iyaye asibiti ko ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da zama da masu kemis, da nema wa wanda ya dawo sana'a. 'Yan matan Islamiyya su ne suka shiga gidajen matan aure, inda mu ba mu da ikon shiga, kuma abin da suka tarar ya fi namu tayar da hankali.

Baffa ya kira mu 'yan tonon silili, ya kuma yaɗa a dangi cewa kuɗin Turawa nake nema da mutuncin gidan ubana. Ban manta ba, kuma ba na jin zan manta. Auta ya warke a asibitin da aka hana a kai shi, yanzu yana gyaran waya, shi ne ma yake fara magana a duk taron da muka kira. Ƙannenmu duk sun yi aure, ba wanda ya fasa.

Bara, bayan sallar isha'i, Baffa ya yi sallama a ƙofata da kansa, ya ce ɗansa na uku ya kwana biyu ba ya cikin hayyacinsa. Na sa takalmi na bi shi, muka kai yaron asibiti a daren. A hanyar dawowa ya ce, "Amma dai a rufa asiri." Na ce, "To, Baffa." Har yau bai nemi afuwar Inna ba, ita kuma ba ta daina tambayar 'yan kunnenta ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda wani ɗan takara ya aiko mana da buhunan shinkafa gab da zaɓe, alhali yaransa ne suke raba wa 'yan jagaliya ƙwaya a bayan makarantar firamare.