Haɗa fiffiken ƙaramin jirgin balsa ba tare da ya murɗe ba

Yawancin fiffiken da ke murɗewa, tun daga teburin aiki matsalar take farawa. Sami allo shimfiɗaɗɗe sarai, ka ɗora zanen, ka rufe shi da siririyar leda don kada gam ya manne.

Fara da sandar ƙasa mai bin tsawon fiffiken, balsa (wani itace mara nauyi) mai tauri milimita 6 da 6. Kada ka soke ta da fil, za ta tsage. Gicciya fil biyu a kanta su danne ta. Haƙarƙarin, wato ɓangarorin da ke ba fiffiken siffarsa, masu kaurin milimita 1.5, haɗa su wuri guda ka goge da samfefa su zama bai ɗaya, sannan ka kafa kowanne a tsaye cak a kan sandar ƙasa, ka ɗora sandar sama a kansu.

Allunan da ake liƙawa tsakanin sandar sama da ta ƙasa su ne ƙarfin fiffiken. Dole zaren itacensu ya bi tsaye. In ya kwanta, za su rabe idan jirgin ya yi kwana da ƙarfi.

Wajen rufe fiffiken da ledar da zafi ke tsukewa, dafa gefuna da dutsen guga tukuna, sannan ka tsuke sama da ƙasa bi da bi. Tsuke gefe ɗaya kaɗai yana lanƙwasa fiffiken.