Wa kinka warkas?

Talata. Zafi tun kafin a sallame Asuba. Babu wuta tun jiya da Magariba, saboda haka ina buɗe ido na kira Malam mai gadi ya leƙa min firizar lab. Ya ce tana ƙugi. Sola ta riƙe, alhamdu lillahi.

Auta ta ƙi kunu, wai ƙosan ya huce. Na ajiye ta makaranta tana kumbure-kumbure.

Sinadaran da muka daɗe muna jira sun iso, amma ƙanƙarar da ke cikin kwalin ta narke tun a hanya, kwalaben suna iyo cikin ruwa mai ɗumi. Duk da haka muka gwada. Na'urar PCR, mai ninka DNA (rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki) har a iya ganinsa, ta gama zagayenta, muka haska, fayau, ko layi ɗaya bai fito ba. Ɗalibina ya tsaya yana kallon allon kamar zai yi kuka. Na ce ya je ya ci abinci.

Ba wannan ya hana ni barci ba.

Goggo ta zo daga Gwadabawa sayayyar bikin ɗiyar Yaya, ta sauka wurin Inna a Mabera. Bayan La'asar na biya gaishe ta. Na tarar da su a tabarma, atamfofi baje, Inna na dama fura. Mun gaisa lafiya lau, har ta yaba ƙibar da na yi. Sai ta kalli katin aikin da ke rataye a wuyana, ta ce, "Dokta, wai har yanzu aikin ciwon dajin nan kike?" Na ce eh, Goggo. Ta ce, "To tun da kinka hwara, wa kinka warkas?"

Inna ta yi dariya. Ni ma na yi, irin ta yaƙe.

Na ce mata ni ba likitar asibiti ba ce, ba na ganin marar lafiya, tsokar da aka yanko da jinin da aka ɗiba su ne ke zuwa hannuna. Aikina in fitar da DNA daga ciki, in karanta jerin haruffansa, in ga inda aka samu tuntuɓe. Ta gyaɗa kai irin na wanda aka gaya wa ɗansa ya yi digiri amma yana gida. Daga nan ta sauke murya, ta zo kan abin da ya sa ta yi tambayar tun farko. Goggo Babba, Allah ya jiƙanta, sankarar nono ce ta tafi da ita tana da ƙuruciyarta. Kaka kuma, wadda ban taso na gani ba, kumburin ciki aka ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe har rai ya yi halinsa. Goggo ta ce, "Mu mata yab bi. Amma ɗiyan maza ba ruwansu, ko? Amarya ta wajen uba ta haɗu da mu."

Da na ce mata eh, da an sha fura an tashi lafiya.

Na ce, Goggo, ba haka yake ba. Ƙwayar gadon da ake zargi a irin wannan, BRCA1 ko BRCA2, kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, mace da namiji duka. Aikinta gyaran DNA idan ya tsinke. Na kwatanta mata da ƙofa mai sakata biyu: wanda ya gaji ɗaya a karye yana zaune lafiya da ɗayar, sai ranar da ita ma ta karye a cikin wata ƙwayar halitta guda, daga nan abu ya fara. Uba na iya ɗauke da ita ya tsufa bai taɓa ko ciwon kai a kanta ba, ya ba ɗiyarsa. Kowane ɗa ko ɗiya, rabi da rabi ne.

Na yi saurin ƙarawa cewa yawancin ciwon daji ba gadonsa ake yi ba. A sankarar nono, abin da aka saba ƙiyastawa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne na gado. Kuma babu wanda aka taɓa gwadawa a gidanmu, mutum biyu ba hujja ba ce. Amma Goggo ta riga ta daina saurare. Ta ninke atamfar da ke hannunta, ta ce, "To kar ki hwaɗi ma kowa. Biki saura kwana kaɗan. Kin san mutane, sai a ce gidanmu da ciwo." Inna ta ce ai an yi gwajin jini, amarya AA ce, me kuma ake nema. Na fara bayanin cewa sikila daban, ita sai an gado daga ɓangare biyu, wannan kuwa ɓangare ɗaya ya isa ya ɗaga haɗari, jinin ango bai shigo ciki ba. Inna ta miƙo min ludayi. A gidanmu wannan na nufin a rufe zance.

Tun a mota nake juya tambayar farko. Ina da amsa, amma ba irin wadda ake ba Goggo a kan tabarma ba ce.

Mary-Claire King, masaniyar ilimin gado 'yar Amurka, ta fara neman wannan ƙwayar gado a 1974, lokacin da manya da yawa a fagen ke ganin ɓata lokaci ne a nemi ƙwaya guda a bayan ciwon da ya yi yawa haka. Ba na'urorin yanzu, sai bishiyar zuri'a da lissafi da jinin iyalai. Sai a 1990 ta nuna cewa abin yana kan kuromosom na 17 (kuromosom shi ne ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki), daga iyalai 23. A 1994 wasu suka ciro ita ƙwayar kanta, a 1995 aka samo BRCA2 a kan kuromosom na 13. A 2005 aka gano cewa ƙwayoyin dajin da BRCA ɗinsu ya lalace suna mutuwa idan aka toshe musu ɗaya hanyar gyaran da suka dogara da ita, wadda ake kira PARP. Maganin da ya fito daga wannan, olaparib, sai a 2014 aka amince da shi. Shekara arba'in ke nan daga farawa zuwa ƙwayar da mace za ta haɗiya. Da an tare King a 1985 an ce wa kika warkar, ita ma dariyar yaƙe za ta yi. Ko da yake a daidai shekarun nan tana taimaka wa kakanni mata a Ajantina su gano jikokinsu da aka sace zamanin mulkin soja, ta hanyar gwajin gado. Ita tana da abin nunawa.

Sai tamu, Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, wadda ta yi karatun likita a Ibadan. A binciken da ita da abokan aikinta suka fitar a 2018 kan mata sama da dubu masu sankarar nono a Ibadan, kashi 7 cikin ɗari na ɗauke da lalatacciyar BRCA1, kashi 4 kuma BRCA2. Haɗa su, an wuce ɗaya cikin goma. Ba ƙaramin adadi ba ne. Kuma aikinta ya nuna matanmu sun fi kamuwa da ƙuruciya, da nau'in da ba ya jin maganin toshe sinadarin mata. Amma matan Ibadan ne, ba na Gwadabawa ko Wurno ba. Namu sai mun zauna mun karanta da kanmu, kuma abin da ya sa nake kiran mai gadi da Asuba ke nan a kan firiza.

Abin da ya fi cina shi ne Goggo ba ta yi wauta ba. A ce na ɗebi jinin amarya gobe, na aika waje aka karanta, ya dawo da abin da nake tsoro. Sai me? A ƙasashen da abin ya zauna, irin wannan yarinya za a fara yi mata hoton nono duk shekara tun tana 25 ko 30, wasu a cire ƙwan mahaifa bayan sun gama haihuwa, wasu har nonon, kamar yadda 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta yi ta sanar wa duniya a 2013. A nan wa zai biya hoton duk shekara? Wane miji, wace uwar miji? Abin da yarinya za ta samu tabbas shi ne suna a bakin mutane. Goggo ta fi ni sanin wannan lissafin, ta yi shi cikin daƙiƙa uku tana ninke zani.

Duk da haka ba na yarda a yi shiru har abada. Matan da tsokarsu ke zuwa hannuna, mafi yawansu sun zo asibiti ne bayan ƙulli ya fashe, bayan an gama da mai ganye da mai tofi. Duba kai da zuwa da wuri ba sa buƙatar a aika jini Turai.

Na gaya wa Abban yara bayan Isha. Shi a ganinsa Yaya ya kamata in samu, tunda shi ne uba kuma yana da wasu ɗiya mata a bayanta. Ni na ce yarinyar da kanta, bayan biki, mu biyu a ɗaki, ba tare da na ambaci gado ba tukuna. Ya ce wannan ɓoye-ɓoye ne irin na Goggo, an dai sa masa farar riga. Ban tanka ba, haushinsa nake ji har yanzu.

Gobe sai na sake rubuta takardar odar sinadarai, wannan karon in roƙi wani mai tahowa ta jirgi ya riƙo su a hannu. Ina da aji ƙarfe takwas, ban duba ko shafi ɗaya ba. Tela kuma ya turo saƙo wai ankona sai Asabar, alhali kamu ranar Juma'a ne.