Burauzar da ta raba ni da talla, ta kusa raba ni da Kawu

Duk mai cike wa mutane fom a waya a ƙauye ya san ciwon data. A garinmu, nan gefen Ringim, ban da cajin waya da nake yi da sola, ni ake kawo wa rajistar makaranta da takardun neman aiki. Tun da aka ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025 na sa ido kan inda tawa ke zurarewa. Ashe burauzar da ta zo cikin wayar ce, wato Chrome, manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Kafin shafi ya buɗe, bidiyon talla ya riga ya fara tafiya, ga tallan caca, ga hotunan da ba ka so dattijo ya leƙo ya gani a hannunka.

Chrome na waya ba ya karɓar ƙananan manhajojin da ake jona wa burauza don su ƙara mata aiki, kamar tare talla, sai na kwamfuta. Shi ya sa na koma Firefox, wadda tun Disambar 2023 ta buɗe wa masu Android ƙofar jona ɗaruruwansu. Na sa uBlock Origin, kyauta ne, talla ta ɗauke ɗif. Shafin da a da sai na fita bakin titi neman sabis, yanzu daga kan bencina yake buɗewa. Na ƙara Dark Reader mai baƙanta fuskar shafi saboda karatun dare. Daɗi ya ɗebe ni, na ƙara da wata manhajar da ke hana shafi motsa komai sai da izinina. Wannan ta ukun ce ta jawo min magana.

Kawu ne ya zo da kuɗin rajistar 'yarsa ta kwaleji, kuɗin riɗin da ya sayar, a ɗaure cikin leda. Na karɓa, na biya da katina. Saƙon banki ya shigo, kuɗi sun fita, shafi kuwa ya yi fari fat, ba rasit ba komai. Na koma shafin makarantar, yana nan yana cewa ba a biya ba, ga wa'adi ya zo wuya. Na sake biya. Kuɗi suka sake fita, shafi ya sake yin fari.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, kuɗin sun tafi ko ba su tafi ba?"

Na ce, "Sun tafi, Kawu, har sau biyu."

"To ina takardar?"

Na rasa bakin magana. Mutumin da bai taɓa riƙe wayar shafa ba, ta yaya za ka fahimtar da shi cewa kuɗi sun fita amma ba su isa ba? Bai zarge ni da baki ba, sai dai yadda ya gyara hularsa ya tashi ya ishe ni.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Biyan kuɗi a intanet ba shafi ɗaya ke yin sa ba. Shafin makaranta ya miƙa ka ga kamfanin karɓar kuɗi, shi ya miƙa ka ga banki ka sa lambar da aka turo maka, sannan a dawo da kai da shaidar an biya. Manhajar nan ta bar ni na je, ta tare hanyar dawowa, domin wancan shafin baƙo ne a wurinta. Aikin da na sa ta shi ta yi. Amma babu gargaɗi, babu jan rubutu, farin shafi kawai, kai kuma ka ɗauka sabis ne ya yi halinsa.

Rasit ya fito bayan yarinyar ta kai lambar biyan ofishin kuɗi na makarantar. Biya na biyun kuwa, nawa ne na aljihuna, sai da na yi ta zaryar banki a Dutse, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar datar da nake taƙama na adana. Har yau idan na tuna farin shafin nan raina ɓaci yake yi.

Ban bar Firefox ba, kuma ba zan bari ba. Ta ukun nan dai na cire ta. Shi ma uBlock, kafin na taɓa duk wani shafin da za a sa kati, sai na buɗe uBlock ɗin na danna babban shuɗin maɓallin da ke cikinsa, ya kashe kansa a wannan shafin kaɗai, sauran wurare yana nan yana aiki. In kuɗin mutane ne masu nauyi ma, Chrome nake buɗewa da ba a jona masa komai ba. Kuma in saƙon banki ya shigo shafi bai nuna rasit ba, kada ka sake biya ko wa'adin yau ne. Ɗauki hoton saƙon, rubuta lambar biyan a takarda, ka kashe duk abin da ka jona wa burauzar, sannan ka sake buɗe shafin ka duba.