Machu Picchu, ni dai magudanar ruwansu ce ta tsaya min a rai

Katangar bayan gidanmu ta zube a daminar bana, katangar da ko shekara 6 ba ta cika ba, wai kuma har da rodi aka sa mata. Ina cikin wannan takaicin ne da daddare ina danne-dannen waya na faɗa kan hotunan Machu Picchu, tsohon garin nan na mutanen Inka da ke can ƙololuwar tsaunukan Andes a ƙasar Peru, sama da mita 2,400, kogin Urubamba na kewaye shi daga ƙasa.

Kowa duwatsun yake yabawa kuma sun cancanta gaskiya, a manyan gine-ginen an sassaƙe su an jera ba laka ba komai a tsakani, ko bakin wuƙa ba ya shiga, kuma fa mutanen nan ba su da baƙin ƙarfe ba su da amalanke, da dutse suke dukan dutse har ya zauna daram. Zamanin sarki Pachacuti aka yi ginin, wajen 1450.

Amma ni ruwa ne ya hana ni barci. Wurin nan ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, kusan milimita 2,000 a shekara, ga gangara ga girgizar ƙasa, to me ya hana garin sulalewa cikin kogi? Ashe babban aikin a ƙarƙashin ƙasa yake inda hoto ba ya ɗauka. Gonakin nan nasu masu hawa-hawa, manyan duwatsu ne a can ƙasa, sai tsakuwa, sai yashi, sannan ƙasar noma a sama, ruwa in ya sauka sai ya tsane a hankali ba ya taruwa balle ya ture katanga. Cikin garin kuma kafofin fitar ruwa sun haura 100, ruwan sha daban suka jawo shi daga wani marmaro zuwa wuraren ɗiba 16, na farko kusa da gidan sarki, to dama.

Bayan kamar shekara 100 aka watse aka bar garin, Sifaniyawan da suka ci ƙasar ma ba su kai wurin ba. Sai 1911 wani Ba'amurke Hiram Bingham ya je, shi ma mutanen yankin ne suka kai shi, wasunsu ma noma suke a gonakin. Sama da shekara 300 ba mai yashe kwata, daji ya rufe ko'ina, amma gini na tsaye.

Magininmu ya ce jibi zai zo, kafin ya ɗora bulo ɗaya sai ya nuna min inda ruwa zai bi tukuna.