Auduga ce ta tara mutane a Manchester

Mu dai in an ce Manchester sai United da City, amma tun kafin a san da ƙwallo auduga ce ta gina garin nan, alhali ko kaɗan ba a noma ta a Ingila, galibi ta tashar jiragen ruwan Liverpool take shigowa, yawanci daga gonakin jihohin kudu na ƙasar Amurka inda bayi ke noma ta a lokacin.

Masana'antun kaɗi na farko da ƙarfin ruwa suke aiki, dole sai bakin kogi. Injin tururi ne ya canza lissafi, shi kwal kawai yake ci, ga kuma hanyar ruwa ta Bridgewater da aka buɗe a 1761 tana kawo kwal daga Worsley har kuɗinsa ya faɗi kusan rabi, to ai shi ke nan sai masu kuɗi suka dawo cikin gari suna ta gina benaye a unguwar Ancoats. A 1830 jirgin ƙasa ya haɗa su da Liverpool.

Inda aiki yake nan ake zuwa. Manoma, masaƙan hannu da inji ya kashe wa sana'a, 'yan Ailan da talauci ya koro, kowa ya nufo. A 1801 mutanen garin wajen 70,000 ne, zuwa 1851 sun haura 300,000.

Ni abin da ya fi ɗaure min kai, duk wannan cikar ana yin ta ne babu tsayayyiyar hukumar gari. Sai 1832 suka samu wakilai a majalisar dokoki, majalisar gari kuwa sai 1838. Don haka duk mai fili sai ya jera gidaje baya da baya, ba iska ba magudana, wasu iyalan a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke kwana, masai ɗaya gidaje rututu. Kwalara ta shigo a 1832. Rahoton da wani jami'in gwamnati, Edwin Chadwick, ya fitar a 1842 ya nuna matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburori 17 ne a Manchester saboda yawan mutuwar jarirai, a karkarar Rutland kuwa 38. Wai a garin da ake juya kuɗi haka fa.

Yaƙin basasar Amurka a 1861 ya yanke musu auduga, ma'aikata suka sha yunwa, shi ya sa daga baya suka bazama neman wasu gonakin. A 1902 aka kafa BCGA, ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, a Manchester, suka sa ran audugar Arewacin Najeriya, layin dogo ya iso Kano a 1911, manoman Kano kuwa suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa.