Jadawalin da ke riƙe da aikinmu a Aziziyya

Sana'armu gyaran masaukan alhazai ce a unguwar Aziziyya da ke Makka: tayil, famfo, fenti da wayarin. Aiki ne mai wa'adin da ba ya ɗaguwa, domin da zarar Zulƙida ya kama baƙin Allah sun fara sauka, kuma mai gida ba zai saurari uzurin kowa ba.

A hannun wani dattijo Bayamane na koyi ɗora tayil, mutumin da idan layi ya karkace ko da kaurin ƙwayar shinkafa ne, sai an ɓamɓare an sake. Shi da ka yake riƙe lissafinsa, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa da gine-gine suka kai uku a hannuna lokaci guda, sai ɗan yayata ya zaunar da ni gaban Excel, manhajar jadawali da lissafi ta kwamfuta.

Yanzu kowane bene yana da shafinsa, kowane ɗaki yana da layinsa, inda muke shigar da ranar farawa, ranar da ya kamata a gama, murabba'in mitar da aka tsara da wadda aka ɗora a zahiri. Ba na karɓar “Alhaji, mun kusa” daga bakin shugaban ma'aikata. Awo nake nema, jadawalin ya fitar da kaso cikin ɗari da kansa, kuma duk ɗakin da ya makara da kwana 2 gurbinsa ya koma ja. Har dokar hana aiki cikin rana, daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, mun sa ta a lissafin aikin tankunan saman rufi.

Masu kawo kaya su ne ciwon kaina. Dillali zai ce gobe, goben ta zama mako, sannan ya sauke tayil da launinsa ya saɓa da na farko. Saboda haka na ware musu shafi: ranar alkawari, ranar saukewa, da lambar da ke jikin kwali. Wanda ya saɓa sau 3, mun rabu.

Akwai masu karya farashi, su rufe bututu da tayil ba tare da gwajin ruwa ba, sai gida ya cika da alhazai bango ya fara tsatsafa. A jadawalinmu layin tayil na banɗaki ba ya buɗewa sai an cike gurbin gwajin. Kowace Alhamis bayan la'asar nake tura wa mai gida shafin ta WhatsApp, da jan da koren, yadda suke.